DANDALIN IYALI: BAƘIN DA KE TSAKAR GIDANMU

Yau hirar tamu kan tsuntsaye ce, waɗannan baƙi da ke cin tsabar gidanmu ba sallama.

Uwargida, in kina sussuka ko shiƙa, ɗan ɗaga kai ki duba. Kurciya ce ke fara sauka, sai bainu, namijin ja wur, macen kuwa ruwan ƙasa. Shi ko gado, ai ya isa samari su ɗauki darasi. Namijin ne ke saƙa sheƙa da ɗanyar ciyawa, ya rataye a ƙarƙashinta yana karkaɗa fiffike. Macen ta zo ta duba, in ba ta yi mata ba ta yi gaba, shi kuma ya warware ya sake sabuwa. To fa!

Manoman Matazu har zuwa Malumfashi da Funtua sun san shamuwa ba ta ƙarya. Wajen watan Afrilu zuwa Mayu take isowa daga kudancin Afirka, da an gan ta sai a fara gyaran garma da neman iri. Fara da tsutsa take ci, kun ga ke nan 'yar ƙodago ce da ba ta karɓar ladan aiki. Balbela ma haka, tana biye da shanu tana tsince ƙwari.

Amma ina ungulu? Da can ba mahautar da ba ta cika ba, yanzu yaro sai ya yi wayo bai taɓa ganinta ba. Guba da masu farautarta don haɗa magani sun kusa ƙarar da ita, har a 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sa ta cikin masu dab da ɓacewa. Ga shi ita ce ke kwashe mana mushe kafin ya zama cuta.

Shi ya sa nake roƙon iyaye, a karɓe danƙon harbi daga hannun yara, a koya musu harbi da kyamarar waya. Abin ba wuya. A ajiye kasko da ruwa a inuwar darbejiya, a watsa ɗan gero. A zauna da sanyin safiya, rana tana bayanka, ban da motsi, ban da hayaniya. Kada a taɓa sheƙa ko ƙwai. In an ɗauka, a kai wa kaka ta faɗi sunan tsuntsun da kirarinsa, don kada sunayen su bi ungulu.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu. A gaida yara.