Jiniya Ba Alƙali Ba Ce

Akwai wata mas'ala da ta ke damun fatake da masu motocin haya a ƙasar Makoda, wadda ta cancanci malamai su dube ta da idon basira. Ran Lahadi, watau ran kasuwar Dambatta, hanya ta kan cika maƙil: ga a-kori-kura ɗauke da buhunan gero da gyaɗa, ga amalanke, ga babura, ga bisashe ana kora. Ana cikin haka sai motar asibiti ta taso daga baya da jiniya, tana gaggawar kai mai naƙuda Kano. Falke ya nemi wurin ratsewa ya rasa, domin gefen hanya rami ne, kafin ya ankara an yi karo. Ma'aikata su iso, su ga motar hukuma ta lotsa, su miƙa masa takardar tara. Shi kuwa ya biya jiki na rawa, yana zaton wanda ya yi karo da mai jiniya ba shi da bakin magana.

Lalle ba mai musun haƙƙin motar asibiti. Dokar hanya ta wajabta wa direba ya ba ta wuri, hankali ma ya wajabta, gama rai ta ɗauko. Wanda ya ji jiniya ya yi kunnen uwar shegu alhali yana da wurin ratsewa, ko ya bi bayanta a guje don ya ci ribar hanyar da ta buɗe, abin da samarin direbobi suka mayar wayo, to, wannan ya biya tararsa, ya kuma nemi gafara.

Amma jiniya neman hanya ce, ba ta yanke hukunci. Malaman Malikiyya sun daɗe da warware irin wannan tun zamanin dawaki. A cikin Risala an ɗora lamunin abin da dabba ta taka a kan mahayinta, da mai janta, da mai korarta. In mahaya biyu suka yi karo, kowane yana lamunce dokin ɗan'uwansa. Sa'an nan suka bambanta wannan da karon jirage biyu a ruwa, inda iska ta rinjayi matuƙa har suka kasa juyawa: a nan babu lamuni. Ashe abin tambaya shi ne, wa ke da ikon kaucewa bai kauce ba? Wannan tambaya tana hawa kan direban asibiti kamar yadda ta ke hawa kan falke. Ya kunna jiniya tun daga nesa, ko sai da ya iso? Ya rage gudu a mararraba? Da majinyaci a ciki, ko kuwa motar wofi ce ya ke gaggawar komawa gida?

Dokar ƙasa ma ba ta rufe wannan ƙofa ba. Hukumar Kiyaye Haɗura an kafa ta a 1988, aka sabunta dokarta a 2007, Jihar Kano kuma ta kafa KAROTA a 2012. Takardar da ma'aikaci ya rubuta a bakin hanya tuhuma ce, kuma wanda bai yarda da ita ba yana da damar a kai maganar gaban majistare. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa haƙƙin a saurare shi, ya kuma ɗauke shi marar laifi har sai an tabbatar. A 2024 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta hana ma'aikatan VIO na birnin ƙwace motoci da cin tara. Hukuncin nan bai shafi sauran hukumomi ba, kada wani ya ɗauke shi makami a inda bai dace ba, amma ya nuna kaki ba ya fin doka.

Fatake su kan ce, yini guda a kotu ya fi tarar tsada. Lissafi ne na ɗan kasuwa, sai dai bai cika ba. Wanda ya biya tara bai yi jayayya ba, a idon mutane ya yi iƙirari, in kuwa aka zo maganar gyaran motar asibiti, wadda kuɗinta ya ninka tarar nesa ba kusa ba, da wannan rasit za a kafa masa hujja. Nan ne amfanin inshora ya ke fitowa. Tun Janairun 2023 inshorar ƙaramar mota ta gida ta koma naira 15,000 a shekara, tana kuma biyan ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan 3. Wanda ya sayi takardar jabu a bakin tasha, ran nan zai gane bai sayi kome ba.

Abu na farko dai, a taimaka a sauya wa majinyaci mota ya wuce, domin shari'a tana jira, naƙuda ba ta jira. Bayan haka direba ya ɗauki hoton motocin da wayarsa tun ba a gusar da su ba, da sawun taya, da ramin da ya hana shi ratsewa, ya nemi 'yan sanda su auna wurin. Ya yi magana da ladabi, kada ya miƙa cin hanci, gama mai ba da rashawa ya ɓata shaidarsa da hannunsa. Ya kuma rubuta sunayen mutum biyu adilai da suka gani da ido, ko mai faci ne ko mai shayi, da unguwar kowannensu, tun kafin la'asar, domin da kasuwa ta watse shaidu sun koma ƙauyukansu.