Kujerar Tausa a Ɗakin Kallo

Wasu masu hannu da shuni a Abuja da Kano sun shiga yayin ware ɗaki guda don kallon fina-finai, su kuma girke kujerar tausa a gaban allon. A ganina wannan gamin gambiza ne.

A ƙasar Japan aka fara ƙera wannan kujera don kasuwa, a shekarar 1954, kuma gidajen wanka na jama'a ne suka fara karɓarta. Mutum ya jefa kwabo, ta murza masa baya na 'yan mintoci, ya tashi ya ba wani. Har yau yawancinsu kan tsaya da kansu bayan minti 15 zuwa 30, alhali fim na cin awa biyu, na Indiya har uku. In ta kwanta da kai, idonka rufin ɗaki yake kallo. In injinta ya tashi, gurnaninsa ya haɗiye maganar 'yan wasa.

Abin da ya fi damuna shi ne, kujerar mutum ɗaya ce. Kallo a gidan Bahaushe taro ne: a shimfiɗa tabarma, yara su kewaye, ana sharhi ana dariya. Tausa kuwa aikin jika ne, ya matsa wa kakarsa ƙafa, ta sa masa albarka. Maigidan da ya nutse cikin inji ya yi asarar duka biyun.

Mai ciwon baya ya kai kujerarsa ɗakin barci, ya bar wa iyali ɗakin kallo.