Zauren 'Yan Mata: Yaran Da Ke Cikin Ambulan Ɗin Kawu

  Yau kam ba zancen soyayya na zo mana da shi ba, labarin wasu tsofaffin hotuna ne da suka hana ni barci, sai ki gyara zama.

Watan jiya aka buɗe akwatin ƙarfen marigayi kawuna, ƙanin mahaifiyata, Allah Ya jiƙansa da rahama. Ya yi karatu a Amurka a shekarun 1970, kuma mutum ne mai adana. Can ƙarƙashin takardun shaidarsa sai ga wani ambulan da ya yi ja don tsufa, cikinsa hotuna goma sha biyu marasa kala. Inna ta ɗaga ɗaya ta ce, "Su kuma waɗannan 'ya'yan wa? Ba danginmu ba ne, a kai shara." Yayana ya yi wuf ya ce, "Haba Inna, irin waɗannan Turawa kuɗi suke zubawa su saya." Ni dai na ce a ba ni aro in gani.

Ke dai bari 'yar uwa, ina dubawa na fara dariya ni kaɗai. Ga wani yaro da gashi ya miƙe a tsakar kansa kamar tsiron albasa, ya hangame baki yana waƙa. Ga wani ɗan lukuti ya kumbura kumatu. Ga wani baƙin yaro mai ƙwalƙwal ɗin kai, an kifa masa hula kamar ƙwarya. Ga kuma karensu, da zobe zagaye da ido ɗaya kamar wanda ya yi ɓarin kwalli. A bayan wani hoton kawu ya rubuta da biro: Our Gang. Wannan sunan na bi na yi ta bincike har na san su ɗaya bayan ɗaya.

Ashe gajerun finafinan barkwanci ne na yara, wani mai shirya fim da ake kira Hal Roach ya fara su a 1922, tun fim bai fara magana ba. An yi guda 220 kafin a daina a 1944. Yawancinsu ba su wuce minti goma zuwa ashirin ba, ana nuna su a sinima kafin babban fim. Yaran talakawa ne 'yan unguwa ɗaya, kullum cikin ƙiriniya: yau a gudu daga makaranta, gobe a harhaɗa mota da katako. Abin da ya fi burge ni, a zamanin da baƙi da fari ba sa zama aji ɗaya a kudancin Amurka, a finafinan nan tare suke wasa. Kodayake fa ba a rasa inda aka mai da baƙaƙen abin tsokana ba, shi ya sa a 1971 aka yanke wurare da dama kafin a ci gaba da nunawa a talabijin. A 1938 Roach ya sayar wa kamfanin MGM shirin. A 1955 kuma aka sa tsofaffin a talabijin da sabon suna, The Little Rascals, 'ya'yan wani zamanin suka ɗora kallo daga nan.

To batun kuɗin da Yaya ya ƙwallafa rai fa? Gaskiya ne akwai masu tara kayan yaran nan, hotuna da fastoci da littattafan zane da 'yan tsana. Amma hoto suna ya tara. Na asali, wanda kamfani ya wanke a lokacin don a manna a ƙofar sinima, galibi za ki ga hatimi ko 'yar takardar bayani a bayansa, shi ne mai daraja. Akwai kuma wanda aka sake wankewa daga baya ana sayarwa a shaguna da araha. Muka juya na kawu ɗaya bayan ɗaya, babu hatimi babu takarda, sai rubutun bironsa. Yaya ya ja tsaki ya ce in riƙe kayana. Ni kuwa a lokacin zancen kuɗi ya riga ya fita raina, don na karanta yadda yaran suka ƙare.

Mai tsiron gashin nan sunansa a fim Alfalfa, na gaskiya Carl Switzer. Da ya girma sai manyan ayyuka suka ƙi samuwa, don kowa yaron nan mai waƙar dariya yake gani a fuskarsa. Ya koma 'yan ƙananan fitowa da rakiyar mafarauta da horar da karnuka. A watan Janairun 1959 aka harbe shi a rigima kan dala 50, yana da shekara 31. Dala hamsin fa, jama'a! Innalillahi.

Mai hular ƙwarya shi ne Stymie, wato Matthew Beard. Hular ma kyauta ce daga shahararren ɗan barkwancin nan Stan Laurel. Yana shekara biyar ya shiga, su goma sha huɗu ne a gidansu, albashinsa na cikin abin da ake ci a gidan. Yana shekara goma aka ce ya yi girma. Allah sarki, daga baya ya faɗa shaye-shaye har ya sha zaman gidan yari. Amma shi ya farfaɗo, ya dawo fim, ya riƙa yawo yana yi wa matasa gargaɗi kan ƙwaya har ya rasu a 1981.

Kada ki ce duk haka suka ƙare, a'a. Allen Hoskins, wanda ake kira Farina, ya yi aikin soja, ya ƙare rayuwarsa yana hidimar masu naƙasa. Billie Thomas mai fitowa a Buckwheat ya zaɓi aikin wanke fim a kamfanin Technicolor, ya zauna lafiya har rasuwarsa a 1980. Sai dai abu ɗaya ya haɗa su: duk shekarun da talabijin ta yi tana nuna su, ana sayar da fuskokinsu, ba a ba su ko sisi a kan maimaicin ba. Albashin yarinta ne kawai, shi kuma an ci an wanke hannu. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Ki ji wani abin mamaki. A 1990 wani shirin talabijin na Amurka mai suna 20/20 ya nuno wani dattijo mai aiki a kantin cefane a jihar Arizona, aka ce ga Buckwheat an gano shi. Alhali mai sunan ya shekara goma a kabari! Sai da iyalinsa suka yi magana sannan gidan talabijin ya ba da haƙuri. Kin ga duniya ta haddace fuskar yaron, amma ba ta san mutumin ba, har wani ya ari yarintarsa ya yafa ba a gane ba.

Me ya sa abin ya tsaya mini a rai? Muna da wata 'yar yayata, shekararta huɗu, bakin nan kamar aku. In ta kwaikwayi tafiyar Inna sai kin riƙe ciki. Tun bara ƙawayen uwarta ke cewa a buɗe mata TikTok, wai yarinyar nan kuɗi ce. Kuma kada in ɓoye miki, ni ce kan gaba wajen ɗaukarta a waya. Ranar da na gama karanta labarin Alfalfa na buɗe wayata, na tarar da wani bidiyo da na ɗauke ta tana kuka an hana ta alawa, mu kuma muna ta ƙyaƙyata dariya. Wallahi kunya ta kama ni. Na tambayi kaina, ranar da ta zama budurwa, 'yan ajinsu ko dangin mijinta suka tono wannan, me zan ce mata? Nan take na goge shi.

Su Turawan ma sai da suka ji jiki suka yi doka. Wani yaron fim, Jackie Coogan, ya tara dukiya mai yawa yana ƙarami, da ya girma ya tarar uwarsa da mijinta sun cinye kusan duka. Ya kai su kotu a 1938, shekara ta zagayo jihar Kalifoniya ta kafa dokar da ake kira da sunansa. A yau dole a ware kashi 15 cikin ɗari na abin da yaro ya samu a fim, a ajiye masa har ya girma. Yaran gidajenmu fa, in ba mu yayyensu da iyayensu mun tsare musu ba, wa zai tsare?

Ba na ce kada a ɗauki yara hoto ba. A ɗauka mana, a wanke, a sa a albam, a rubuta suna da rana a baya, watarana su gani su yi murmushi. Na cikin albam naku ne. Wanda kika tura duniya kuwa ya bar hannunki har abada, yaro zai girma amma hoton ba zai girma ba. Kafin ki danna, ki tambayi kanki: da ni ce, zan yarda? Ke ma da wani zai ce ki turo masa naki don ya riƙa kallo, ki yi wa kanki wannan tambayar. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Hotunan kawu dai suna nan na sa su a albam ɗina, na rubuta sunan gaskiya na kowane yaro a ƙarƙashin fuskarsa. Jiya 'yar yayata ta buɗe, ta nuna mai hular ƙwarya ta ce, "Anti, wannan ɗan ajinmu ne?" Na ce mata a'a, ya girmi kakanki. Ta ce ƙarya nake.

Mai abin cewa ta rubuto ta hannun edita kamar kullum. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.

Taku har kullum.