SHARHI: Manyan kifayen teku, bikin Argungu da darasin da ke jiran madatsun ruwan Katsina

A watan Maris na 2003, wani Bafaranshe mai suna Max Domecq ya jefa fatsa a gaɓar tsibirin Rubane da ke ƙasar Gini Bisau, ya jawo kifin tarfon mai nauyin kusan kilo 130. Ƙungiyar IGFA, wadda tun 1939 take ajiye tarihin kamun kifi na nishaɗi, ta rubuta shi a matsayin mafi girma a jinsinsa da aka taɓa kamawa da sandar fatsa. Saboda irin wannan kifi mai ɓawo kamar azurfa, da kuma malin mai dogon baki kamar mashi, masu kuɗi daga Turai da Amurka suke biyan jirgi da masauki da kwale-kwale su zo tsibiran Bijagos, ko Kef Bade, ko gaɓar Gabon.

Mutumin Kaikai a ƙaramar hukumar Kusada zai iya cewa wannan wasan attajirai ne, babu ruwansa da shi. To amma soyayyen kifin da ake kasawa a tire a Kankiya, da wanda yara ke talla a ƙauyuka, mafi yawansa daga teku ya fito. Taitus da kote da shawa suna sauka a tashar jiragen ruwan Legas a daskare, su yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 a mota zuwa ɗakunan sanyi na Kano da Katsina, kafin su shiga kaskon mai suya. Alƙaluman da gwamnatin tarayya ta sha ambatawa sun nuna Najeriya na buƙatar kimanin tan miliyan 3.6 na kifi a shekara, alhali abin da take samarwa bai wuce kashi ɗaya cikin uku na hakan ba. Tun da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, kowace uwar gida ta ji canjin a kuɗin cefane.

Abin da ya haɗa mai fatsar nishaɗi da mai cefanen Kankiya shi ne ƙananan kifaye. Babban kifi ba ya zama inda babu abincinsa. A gaɓar Ghana da Kodebuwa, tsakanin Yuli da Satumba, ruwan ƙasa mai sanyi yakan taso sama ɗauke da abincin ƙananan halittu, sai garken sadin su taru, manyan kifaye su biyo su. Haka lamarin yake a gaɓar Senegal da Muritaniya a nasu lokacin. Kyaftin ɗin kwale-kwalen nishaɗi yana duba zafin ruwa da launinsa, da hawa da saukarsa, da inda tsuntsaye ke shawagi, domin duk waɗannan alamu ne na inda ƙananan kifin suke. Idan ya dawo hannu rabbana mako bayan mako, to ruwa ba ya tsami banza.

Dalilan kuwa sanannu ne. Teku na ƙara ɗumi, kuma binciken masana a yankin ya nuna garken sadin na matsawa arewa daga ruwan Senegal. Tun 2011 ciyawar teku da ake kira sagasum take mamaye gaɓar Afirka ta Yamma, har da ta Najeriya, tana cika taru tana lalata shi. Sai kuma masana'antun garin kifi da suka yawaita a Nuwadibu ta Muritaniya da Gunjur ta Gambiya. Rahoton da Greenpeace da Changing Markets suka fitar a 2021 ya ƙiyasta cewa fiye da tan rabin miliyan na ƙananan kifaye ake niƙawa duk shekara a yankin, a fitar da su waje domin kiwon kifi da dabbobi, adadin da zai ciyar da mutum miliyan 33.

Wuraren da manyan kifaye suka saura suna da hali ɗaya, wato an taƙaita kamu. Tsibiran Bijagos suna ƙarƙashin tsarin kariya na UNESCO tun 1996, kuma al'adar mutanen wurin ta keɓe wasu tsibirai da ba a shiga sai da izini. A jihar Fulorida ta Amurka, dokar da ta fara aiki a 2013 ta ce tarfon a kama shi ne a sake shi, kuma wanda ya wuce mita ɗaya da 'yan kai ba a ma fitar da shi daga ruwa. Lissafin masu wannan doka a bayyane yake: kifin da aka yanka sau ɗaya ake cin kuɗinsa, wanda aka sake kuwa zai sake kawo wani baƙon baɗi.

Bahaushe bai buƙaci zuwa Fulorida ya koyi wannan ba. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo siffarsa ta yau daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, kuma UNESCO ta sanya shi cikin al'adun duniya a 2016, an gina shi ne a kan hani. Sarkin Ruwa ke tsare Matan Fada, ba a su a wurin sai ranar da aka buɗe. Ranar ma koma da gora kawai aka yarda a shiga da su, kuma cikin ɗan lokaci ake tashi. Haka giwan ruwa ke samun shekarun da zai girma. A 2020, bayan shekara goma ba a yi bikin ba, kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilo 78. Tarihin bikin ya kuma ƙunshi gargaɗi. A 2006 an hana shiga kogin saboda ƙarancin ruwa, a 2008 kuma an ƙwace kambun wanda ya zo na ɗaya bayan an gano cewa mataccen kifi ya shigo da shi daga wani wuri. Duk inda kyauta ta yi tsoka kuma kifi ya yi ƙaranci, sai an sa ido.

Katsina ba ta da teku, ba ta da kogi irin Rima a Argungu, amma tana da madatsun ruwa. Zobe, wadda aka kammala a 1983 a kan kogin Karaɗuwa a ƙaramar hukumar Dutsinma, maƙwabciyar Kankiya ce. Akwai ta Jibiya a kan kogin Gada, da Sabke a yankin Daura, da ƙananan madatsu da kududdufai da dama. Irin waɗannan ruwaye a faɗin Arewa suna fama da ciwo guda: taru mai ƙananan idanu, har da gidan sauro, wanda ke kwashe 'ya'yan karfasa da tarwaɗa tun ba su kai yatsa ba, da su a farkon damina lokacin da kifi ke ƙwai, wani lokacin ma da zuba maganin ƙwari. Dokar kamun kifi ta ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta guba da nakiya, kamar yadda takwararta ta teku ta hana manyan jirage jan taru a cikin mil biyar daga gaɓa. Matsalar dokokin biyu ɗaya ce, babu mai tsaron su a bakin ruwa. Ga rashin tsaro da ya daɗe yana hana mutane sakewa a yankin Dutsinma da Jibiya.

Matakan da suka dace ba su da tsada. Gwamnatin jiha da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima za su iya zama da sarakunan ruwa da hakimai, a keɓe yanki ɗaya a kowace madatsa wanda ba a su a cikinsa, a rufe ruwa gaba ɗaya na 'yan makonni a farkon damina, a kuma ƙayyade girman idon taru. Ghana ta gwada rufe tekunta ga masu kwale-kwale na wata guda a 2019, kuma ƙorafin da ya biyo baya ya nuna cewa masunci mai ciyar da iyali kullum ba zai bi dokar ba idan ba a ba shi abin riƙewa ba. Don haka tallafin hatsi ko aikin wucin gadi a lokacin rufewa wani ɓangare ne na dokar kanta. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke New Bussa tana da ƙwarewar zuba irin kifi da auna abin da ruwa zai iya ɗauka. Bayan 'yan shekaru, sai a buɗe yankin da aka keɓe rana ɗaya, a yi gasa, a auna kifi a bainar jama'a, a rubuta nauyin. Wannan rubutun shi ne zai nuna ko ruwan na farfaɗowa ko yana mutuwa.

Ma'aikatar Teku da Tattalin Arzikin Ruwa da aka kafa a watan Agustan 2023, ƙarƙashin Adegboyega Oyetola, ita ke riƙe da sashen kifi na tarayya yanzu, kuma hankalinta ya fi karkata ga tashoshin jirage. Zobe ba za ta maye gurbin Tekun Atilantika ba. Amma kowane kilo na tarwaɗa da ya fito daga Dutsinma zuwa kasuwar Kankiya kilo ne da ba a saye shi da dala ba, kuma hukuncin rufe ruwa a damina mai zuwa yana hannun mutanen da ke Katsina.