Mu Tsuke Bakin Aljihu, Jama'a!

 

Ba sai an gaya wa mai cefane halin da ake ciki ba. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, komai ya yi tashin gwauron zabi. Litar fetur da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haye 1,000. Dalar da ke kusan naira 460 a farashin gwamnati ta zarce 1,500 a 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a Yulin 2024, amma a cikin shekarar muka ga buhun shinkafa ya fi albashin tsada. Da shigowar 2025 kuma aka sahale wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data. Ko lokacin da hatsi ya ɗan sauko, haya ba ta sauko ba, magani bai sauko ba, kuɗin makaranta bai sauko ba.

Haƙƙinmu yana nan a wuyan shugabanni, kuma ba za mu fasa nema ba. Amma yau za a ɗora tukunya. Gobe ma za a ɗora. Farashin kasuwar Singa da na kasuwar Dawanau ba a hannunmu yake ba. Bakin aljihunmu kuwa a hannunmu yake. To, mu tsuke shi! Mu tsuke shi da hankali, mu tsuke shi tun yau, mu tsuke shi tare.

Fara da biro da takarda. Maigida, rubuta. Uwargida, rubuta. Mako guda kawai, duk naira da ta fita a rubuta ta: kuɗin koko, kuɗin adaidaita, cajin mai POS, katin waya, tsiren dare, lemon kwalba. Kada ka ce ƙaramin abu ne. Aljihu kamar randa ce mai tsaga: ba ka ganin ruwan yana fita, sai dai ka wayi gari ka tarar da ita wayam. Naira 500 kullum, naira 15,000 ce a wata. A shekara ta haura 180,000. Lissafa ka gani! Wanda bai san inda kuɗinsa ke bi ba, ba zai san inda zai toshe ba.

Sai mu shiga madafa. Uwargida, ke ce sarauniyar wannan fage. A dafa daidai ciki. A daina zubar da tuwo a kwata. Wanda ya kwana a yi ɗumame, iyayenmu da shi suka girma, kuma da ƙarfinsu. A jiƙa wake kafin a ɗora, zai nuna da wuri, gawayi ko gas ya yi auki. A rufe tukunya. A kashe wuta da zarar an sauke. Mu koma ga abincinmu: gero, dawa, masara, shinkafa 'yar gida, ɗanwake, fate, dambu, kunun gyaɗa. Nama ya yi tsada? Ga wake, ga awara, ga gyaɗa, duk suna gina jiki. A rage dunƙulen ɗanɗano, a ƙara daddawa. A ajiye lemon kwalba, a dama zoɓo da kunun aya. Ba komawa baya ba ne wannan. Lafiya ce, kuma sauƙi ne.

Kina da ɗan fili a tsakar gida? Shuka zogale. Shuka alayyafo, rama da kuɓewa. Ba ki da fili? Cika tsohon buhu da ƙasa da taki, ki ajiye a inda rana ke samu. Ruwan alwala ya ishe shi. Lokacin da tumatir ya yi araha a kasuwar 'Yankaba, a saya, a yanka, a shanya. Kauɗar da kika adana da rani ita za ta fitar da ke kunya da damina.

Maigida, kai kuma dubi yadda kake awo. Sayen ƙulli-ƙulli shi ne sayen tsada. Mai sayen gwangwani ya fi mai sayen kwano biya, mai sayen kwano ya fi mai sayen buhu. Ba ka da kuɗin buhu? Nemi maƙwabta uku ko huɗu. Ku haɗa kuɗi, ku sayo, ku raba da kwano. Ku saya da kaka, lokacin da hatsi ya shigo kasuwa, kada ku bari sai damina ta yi nisa rumbuna sun yi ƙasa. Wannan dabara ba ta yau ba ce. Da ita Annabi Yusuf, Alaihis Salam, ya tserar da mutanen Masar: aka adana na shekarun wadata, aka ci a shekarun fari. Ku adana na cin gidanku, ba na ɓoyewa don jama'a su ƙuntata ba.

Matasa, ku ma ku matso. Data nawa kake ƙonawa a TikTok da Facebook cikin dare? Ka sayi ta wata, ka yi mata iyaka, ka kashe ta idan ba aiki kake ba. Wayarka tana aiki? Bar ta, ba sai ka sauya ba. Inda ƙafa za ta kai ka, taka. Inda keke zai kai ka, hau. Cacar ƙwallo ta waya kuwa, ka rabu da ita yau ɗin nan. Haramun ce, kuma mai kamfanin ne kullum ke ci. Ka guji manhajojin bashi masu ba ka kuɗi cikin minti biyar. Ruwa suke ɗorawa, ranar da ka kasa biya su bi lambobin wayarka suna tozarta ka a wajen dangi da abokai. Cin bashi da daɗi, biya da wuya.

Yanzu ga babbar ƙofar da ke cinye mu: "kada a ce."

Kada a ce ban yi anko ba. Kada a ce 'yata ba ta yi dina ba. Kada a ce akwatunan lefen ba su kai na 'yar wance ba. Saboda "kada a ce," uba ya sayar da gona. Saboda "kada a ce," uwa ta kwashi adashe uku ta zuba a kayan ɗakin da ba za a taɓa amfani da su ba. Saboda "kada a ce," ango ya shiga ɗakin amarya da bashin da zai shekara biyu yana biya. Kamu, wuni, sa lalle, dina, buɗar kai, kowanne da ankonsa, kowanne da ɗinkinsa, kowanne da mai kwalliyarsa da mai hotonsa. A kama zauren taro, a yi liƙi, a watse. Washegari babu na koko.

Su wa za su ce ɗin? Mu ne fa! Ni da ke, ni da kai. Mu ne masu buɗe akwati muna ƙirga zannuwa. Mu ne masu leƙa ɗakin amarya muna taɓe baki. Mu ne masu yi da wadda ta zo biki ba ta sa anko ba. Tunda daga bakinmu cutar ta fito, a bakinmu maganin yake. Mu yi shiru da gori. Mu buɗe baki da sa albarka.

Addini bai ɗora mana wannan kaya ba. Aure waliyyi ne, da shaidu, da sadaki, da siga. Mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne. Walima daidai ƙarfi ce. Ragon suna ga mai hali ne, ba a ce a ciwo bashi a yanka ba. Sauran duk mu muka ƙirƙiro, kuma mu za mu iya sauke su. 'Yan mata nawa ke zaune a gida saboda tsadar kayan ɗaki? Samari nawa suka fasa neman aure saboda lefe? Daidai ruwa, daidai tsaki.

Don haka, dangi, ku zauna ku yanke shawara. Biki ya zama wuni ɗaya. Anko ya zama ganin dama, kowa ya sa abin da ke cikin akwatinsa. A rage lefe. A rage gara. Kuɗin dina a mayar da shi jari: a saya wa amarya keken ɗinki, a saya wa ango awon wata uku. Gida ɗaya ba zai iya shi kaɗai ba, za a yi masa dariya. Amma idan unguwa ta haɗa baki, wa zai yi wa wani dariya?

Sai dai a kula, jama'a. Tsimi daban, rowa daban. Akwai inda ba a taɓawa. Kada a rage wa yaro abinci. Kada a hana mai ciki zuwa awo. Kada a bar zazzaɓi ya kwana uku a jikin jariri don gudun kuɗin magani. Kada a cire yarinya daga makaranta a ɗora mata talla. Maigida, kada ka rage kuɗin cefane kai kuma kana cin balangu a waje. Fara da kanka, iyali za su bi. Kuma kada tsimi ya toshe ƙofar alheri. Leƙa maƙwabcinka. Wataƙila bai hura wuta yau ba, kunya ta hana shi faɗa. Aika masa da kwano guda. Sadaka ba ta rage dukiya.

Abin da aka tsimta kuma kada a bar shi a aljihu, zai bi iska. A jefa a asusu. A shiga adashe da mutanen amana. Ko naira 200 ce kullum, a ajiye. Ranar da ciwo ya zo cikin dare, ita za ta hana ka buga ƙofar wani.

Malamai, ku faɗa a kan mumbari. Masu unguwa da dagatai, ku tara jama'a. Malaman Islamiyya, ku gaya wa iyaye mata. Masu hali, ku fara, domin ku ake kallo: idan Alhaji ya aurar da 'yarsa ba dina, talaka ya samu mafaka. Iyaye mata, ku riƙe wannan magana, in kun yarda an gama. Samari da 'yan mata, ku ce kun yafe bidi'ar biki, kuna son zaman lafiya.

Kada mu jira sabon wata. Kada mu jira albashi. Kada mu jira wani ya fara. Yau ka ɗauki biro. Yau ki auna abin da za ki dafa. Yau ka goge manhajar caca. Yau ku kira taron dangi. Mu rage, mu adana, mu haɗa kai, mu taimaki juna!

Allah Ya yassare mana, Ya sa albarka a cikin kaɗan ɗinmu, Ya kawo mana sauƙi. Mu tashi, jama'a, aiki na gabanmu!