Tafinta da Harshen Sarki

Kowane sarki da tafintansa. A cikin kwamfuta, sarkin shi ne ƙwayar manhaja, wadda ke raba wa kowane sashe aikinsa. Tafintan kuwa shi ne direba, wato ɗan shirin da ke isar da umurnin ƙwaya ga firinta ko katin intanet. To, yaya za a yi ke nan idan sarki ya sauya harshe, tafinta bai sani ba?

Wannan tambaya ta shafi kowane ɗakin kwamfuta a ƙasarmu, har da na jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, wadda ta fara karatu a 2001, aka sa mata sunan Aliko Ɗangote a 2022. Ƙwayar Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, ba ta yi wa direbobin waje alkawarin tsayawa kan harshe ɗaya ba. Direban da kamfani ya haɗa ya rufe domin wani bugu, da zarar an sabunta ƙwaya sai ya ƙi aiki. Kayan aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara.

Wasu za su ce a daina sabuntawa a huta. Ni ban yarda ba, domin da sabuntawa ake toshe kafofin da ɓarayin bayanai ke bi. An dai nemi magani. A 2003 kamfanin Dell ya fito da DKMS, mai sake gina direba duk lokacin da sabuwar ƙwaya ta shigo, amma sai da ainihin rubutun direban a hannu. Google kuma, tun daga Android 12 a 2021, ya ƙayyade harshen da direbobin waya za su dogara da shi.

Bisa ga haka, shawarata ita ce, hukumomin jami'o'i kada su sayi na'ura sai wadda direbanta ke buɗe, ko yake cikin ƙwayar tun asali. Mai sayen sa a karar Wudil ba ya biya sai ya duba haƙora. A kuma koya wa ɗalibai gina direba da hannunsu, don kada na'urar da aka saya da dukiyar jama'a ta koma kurma a kusurwar ɗaki, alhali lafiyarta lau.