Shiru-shiru Ba Cuta Ba Ne

Jama'a, akwai wata ɗabi'a da ya kamata mu yaƙa cikin garuruwanmu. Yaro ya tashi mai kunya, ba shi son taro, ba shi iya dogon zance gaban mutane. Nan da nan sai a ce sakarai ne, ko miskili, ko kuma an yi mashi sammu. Uwa ta saida akuyarta, ta kai ma boka kuɗin don neman farin jini. Abokai kuma su ce ya sha tramol, kunya ta fita. Alhali wannan ƙwaya maganin ciwo ce da likita ke rubutawa. Wanda ya maida ta maganin kunya, sabo ya kama shi, wani har ya riƙa faɗuwa kamar mai farfaɗiya. Yaron da ke lafiya lau, mu da kanmu muka maida shi majinyaci.

Wa ya ce dole kowa ya zama mai baki? Mu dubi sahabbai. Sayyidina Umar mutum ne mai zafi, Sayyidina Usman kuwa an san shi da tsananin kunya. Duka biyu sun riƙi halifanci. Mai kunyar nan ya shugabanci Musulmi daga 644 zuwa 656, kuma a zamaninsa aka haɗa jama'a bisa mushafi guda. Annabi Musa, da ya ga ɗan'uwansa Haruna ya fi shi fasahar harshe, sai ya roƙi Allah ya haɗa su aiki.

Wani zai ce: to, ke nan ɓarawo da maƙaryaci su ma su ce hali zanen dutse? A'a. Sata da ƙarya aiki ne da mutum ya zaɓa, yana iya bari, kuma dole ya bari. Ƙarancin magana kuwa halitta ce, ba ta cutar kowa.

Kai mai shiru, bar ƙin kanka. Kayan aro ba ya rufe katara. Wanda ya kwana yana kwaikwayon halin wani, zuciyarsa ba ta hutawa. Kana da kunnen saurare, kana riƙon asiri, kana tunani kafin ka buɗe baki. Gari na bukatar irinka wurin sasanta rigima da ajiyar kuɗin ƙungiya.

Ku kuma iyaye da malamai, ku bar kunyata yaro gaban tsaransa. Ku ba shi aikin da ya dace da halinsa, ku yaba mashi in ya yi. Akuyar kuwa a bar ta cikin garke.